Me ya sa rufin kwano ba ya ba da wuta, alhali fanel ɗin sola yana bayarwa?

Tambaya daga wani mai haɗa sola a unguwar Kurna, Kano: "Assalamu alaikum Malam. Ni mai haɗa sola ne, a wurin maigidana na koyi aikin, karatuna kuma iyakarsa sakandare. Na tuna a ajin fiziks an koya mana cewa idan haske ya faɗa kan ƙarfe yana fizgo elektiron daga jikinsa, wai kuma da haka sola ke aiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ga rufin kwano nan ko'ina a gari yana shan rana tun safe har yamma, me ya sa ba ya ba da wuta? Na biyu, idan kullum rana tana fizge elektiron daga fanel, wata rana ba za su ƙare ba? Na uku, me ya sa a watan Afrilu da rana ta fi ƙuna nake ganin fanel ba ya ba da abin da aka rubuta a bayansa? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amin, tare da kai ƙanena. Tambayoyinka uku ne a baki, amma tushensu ɗaya: me elektiron yake buƙata kafin ya bar inda yake, kuma idan ya bari, ina yake zuwa? Akwai elektiron da ke ficewa daga jikin ƙarfe gaba ɗaya ya faɗa sarari, akwai kuma wanda ke sauya matsayi a cikin abu bai fita ko'ina ba. Na farkon aka koya maka a aji, na biyun ne ke faruwa a fanel ɗin da kake ɗaurawa. Littattafan sakandare sukan haɗa su a babi ɗaya, ɗalibi ya haddace don WAEC da JAMB, ya fito yana zaton abu guda ne. Dangin juna ne, amma kowa da halinsa.

Abin da ke riƙe elektiron a cikin ƙarfe

Kowane ƙarfe cike yake da elektiron masu yawo, waɗanda ba su manne wa ƙwayar zarra guda ba, shi ya sa ma yake ɗaukar wuta. A cikin ƙarfen suna kai-komo yadda suka ga dama, amma da sun iso bakin fatarsa sai cajin fozitib na ƙwayoyin zarra ya jawo su baya. Kafin ɗaya ya tsallake sai ya sami wani adadi na kuzari, mu kira shi kuzarin ficewa. Ana auna shi da ilektiron-bolt, a taƙaice eV, wato kuzarin da elektiron guda ke samu idan bolt ɗaya ya tura shi. Na siziyam kusan eV 2.1 ne, na sodiyam da fotasiyam kusan 2.3. Na tutiya, wato zink ɗin da ake shafe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa, kusan 4.3 ne, na tangistin 4.5, na jan ƙarfe wajen 4.7, na filatinam ya haura 5. Idan ka buɗe littattafai biyu ka ga lambobin sun ɗan saɓa, ba wanda ya yi ƙarya, adadin yana sauyawa da tsabtar fatar ƙarfen da yadda aka sarrafa shi.

Bari mu fara da zafi, tunda shi ya fi tsaya maka a rai. Idan aka gasa ƙarfe sosai, wasu ƙalilan daga cikin elektiron ɗinsa na samun abin da ya ishe su ficewa. Thomas Edison ya ci karo da wannan a kwan fitilarsa a farkon shekarun 1880, bai kuma san me ya gani ba, don a lokacin ba a gano elektiron ba tukuna, sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi a Ingila. Owen Richardson ya fitar da lissafin abin a 1901, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel ta 1928, John Ambrose Fleming kuma ya ƙera bawul na farko da shi a 1904, wato kwalbar da aka zuƙe iskarta mai sarrafa wucewar wuta. Tsofaffin rediyoyin nan da sai sun ɗumama kafin su yi magana, da talabijin mai ƙeya, da doguwar fitilar fulorasan, da injin hoton ƙashi na asibiti, duk ta wannan hanya suke samun elektiron.

Sai dai dubi irin zafin da ake magana a kai. Zaren tangistin sai ya kai wajen digiri 2,000 kafin ya ba da abin kirki, an kuma zaɓe shi ne don ba ya narkewa sai a digiri 3,422. Ko an shafe zaren da sinadarin bariyam don a rage kuzarin ficewa, sai ya kai digiri 700 ko 800. Kwanonka kuwa, ko ya yi zafin da ba ka iya dafa shi da hannu, mu ce digiri 70, abin da zafin ke bai wa elektiron bai wuce wajen eV 0.03 ba. Ana neman 4.3, kai kana da 0.03. Ta ɓangaren zafi dai an rufe maganar kwano.

Akwai wasu hanyoyi biyu da zan ambata in wuce. Idan aka tara ƙarfin wuta mai tsanani a tsinin allura, wajen bolt biliyan a kowace mita, elektiron na silalowa waje ko babu zafi. Fowler da Nordheim suka yi bayaninsa a 1928. Haka kuma elektiron mai gudu idan ya daki ƙarfe yakan fitar da wasu, su ma su daki faranti na gaba, har ɗan hasken da ido bai isa ya gani ba ya ninku kusan sau miliyan a iya auna shi.

Inda haske ya rikita masana

A 1887 Heinrich Hertz yana gwajin igiyoyin rediyo a Jamus, sai ya lura tartsatsin wuta ya fi sauƙin tsallakawa tsakanin ƙarfe biyu idan hasken UV ya faɗa a kansu. UV shi ne hasken da ke gaba da launin shunayya a jerin launukan bakan gizo, ido ba ya ganinsa. Shekara guda bayan haka Wilhelm Hallwachs ya goge farantin tutiya, ya ba shi cajin nagatib, ya haska masa UV, cajin ya zube. Da ya ba shi fozitib bai zube ba. Sannan Julius Elster da Hans Geitel suka nuna cewa su sodiyam da fotasiyam ko hasken da ido ke gani ya ishe su. Ina yawan ambaton waɗannan biyun a aji, don ba farfesoshi ba ne, malaman sakandare ne a wani ƙaramin gari mai suna Wolfenbüttel. A 1899 Thomson ya tabbatar da cewa abin da ke fita daga ƙarfen elektiron ne.

Har nan babu rigima. A zamanin kowa ya yarda haske igiya ne mai kaɗawa, don haka abin da ake sa rai a fili yake: a ƙara ƙarfin haske, elektiron su fito da ƙarin gudu, a rage shi, su ɗan jira su tara kuzari sannan su fito, launin hasken kuwa bai kamata ya dami kowa ba. Da Philipp Lenard ya auna a 1902, waɗansu kuma suka biyo bayansa, sai aka ga akasin haka. Ƙara ƙarfin haske yana ƙara yawan elektiron masu fita, amma gudun kowannensu yana nan yadda yake. Launi ne ke sauya gudun. Kowane ƙarfe yana da iyakar launin da in ba a kai gare shi ba ko ɗaya ba ya fita, ko da an tara fitilun duniya. Idan kuma an kai iyakar, komai dushewar hasken nan take suke fitowa, an auna an ga jinkirin bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ɗari na daƙiƙa ba.

Albert Einstein ne ya warware wannan a 1905, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na Suwizalan. Ya ɗauki shawarar da Max Planck ya kawo a 1900 ya faɗaɗa ta, ya ce haske yana zuwa ne ƙulli-ƙulli, kuzarin kowane ƙulli ya dogara da yawan kaɗawar hasken kawai, kuma elektiron ɗaya ƙulli ɗaya yake haɗiya. Wannan ƙullin ne Gilbert Lewis ya raɗa wa suna foton a 1926.

Ka ɗauka wata ƙofa ce da ba a fita sai an biya naira ɗari biyar, mai gadin kuma takarda ɗaya tak yake karɓa daga hannun kowa, ba ya karɓar karo-karo. Ka zo da buhun 'yan hamsin-hamsin ka raba wa jama'a, ko buhu goma ne ba wanda zai fita. Ka zo da 'yan dubu-dubu guda uku kacal, mutum uku za su fita nan take, kowa da canjin ɗari biyar. Ka ƙaro 'yan dubu-dubun, masu fita su ƙaru, amma canjin kowa yana nan ɗari biyar. Kuɗin ƙofa shi ne kuzarin ficewa, darajar takarda ita ce launin haske, yawan takardu shi ne ƙarfin haske, canjin kuma shi ne kuzarin gudun da elektiron ya fita da shi. Lissafin Einstein bai wuce haka ba: kuzarin foton, a cire kuzarin ficewa, abin da ya rage shi ne mafi girman kuzarin gudu. An ce mafi girma ne don wasu elektiron daga ɗan ciki suke tasowa, su yi asarar wani abu a hanya.

Ga hanyar da nake koya wa ɗalibai su yi lissafin ba tare da wahala ba. Haske yana da zango kamar yadda tashar rediyo ke da shi, sai dai nasa da nanomita ake aunawa, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ka raba 1240 da zangon, abin da ya fito shi ne kuzarin foton a eV. Ja mai zangon 700 zai ba ka kusan 1.8, shunayya mai zangon 400 zai ba ka 3.1. Gajeren zango shi ne mai kuzari. Ɗauki sodiyam mai neman 2.3: jan haske komai ƙarfinsa ba ya yi masa komai, shunayya kuwa tana fitar da elektiron da rarar eV 0.8. A ɗakin gwaji ana auna wannan rara ta hanyar juya batir ya riƙa tura elektiron ɗin baya, ana ƙara boltiji har wutar ta tsaya cak. A wannan misali za ta tsaya a bolt 0.8, ko an matso da fitilar ko an nisanta ta.

Ba a karɓi maganar Einstein da hannu biyu ba. Robert Millikan a Jami'ar Shikago ta Amurka ya shafe kusan shekara goma yana gwaji, shi kansa bai yarda da zancen ƙulli ba, amma sakamakon da ya wallafa a 1916 ya fito daidai da lissafin Einstein, har ya ciro lambar Planck daga ciki, wato lambar da ke haɗa kuzarin foton da yawan kaɗawar haske. Mutane da yawa suna zaton nazariyyar dangantakar lokaci da sarari ce ta ba Einstein kyautar Nobel ta 1921. A'a, wannan aikin na haske da elektiron ne aka ambata. Millikan ya karɓi tasa a 1923.

Mu dawo kan rufin kwano

Raba 1240 da 4.3, za ka sami kusan nanomita 288. Tutiya na buƙatar haske mai wannan zango ko wanda ya fi shi gajarta. Hasken da ido ke gani gaba ɗayansa, daga ja har shunayya, bai kai ba. Rana tana fitar da UV mai irin wannan kuzari, amma iskar ozon da ke sama tana shanye kusan duk wanda zangonsa ya gaza 290 kafin ya iso ƙasa, kuma rahama ce, don irinsa ne ke lalata fata da ido. Ɗan abin da ke isowa kusa da iyakar kaɗan ne ƙwarai. Ƙunar ranar Afrilu yawan foton ce, ba ƙarin kuzarin kowanne ba.

Ko da a ce ya iso, akwai wani shingen. Elektiron masu ficewa daga 'yan nanomitocin da ke saman fatar ƙarfe kaɗai suke fitowa. Kwanon da ya kwana biyu a waje ya riga ya yi wata fatar ta haɗuwar tutiya da iska da danshi, ga ƙura, na zamani kuma ga fenti. Alminiyam ma haka, cikin ɗan lokaci yake rufe kansa da irin wannan fata. Sannan ko elektiron ya fita, bai yi tafiyar da ta kai kaurin gashi ba zai ci karo da ƙwayoyin iska su kama shi. Kwanon kuma da ya rasa 'yan kaɗan sai ya zama fozitib, ya riƙa jawo na baya. Babu farantin da zai karɓe su, babu hanyar da za su zagayo. Shi ya sa na'urorin da ke aiki da wannan hanya kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, da faranti biyu, ɗaya mai fitarwa ɗaya mai karɓa. Ko su ɗin, wutar da suke bayarwa da maikuro'amfiya ake auna ta, wadda sai an tara miliyan take zama amfiya ɗaya. Sun dace da gano haske da auna shi, ba su dace da kunna fanka ba.

Abin da ke faruwa a cikin fanel

Fanel ba ƙarfe ba ne, silikon ne, kuma ba a neman elektiron ya fita daga jikinsa. A cikin silikon yawancin elektiron a ɗaure suke tsakanin ƙwayoyin zarra. Abin da ake so foton ya yi shi ne ya kwance ɗaya ya sami damar yawo a ciki, wannan kuwa eV 1.1 kawai yake ci. Raba 1240 da 1.1, ka sami wajen nanomita 1,100. Ke nan duk hasken da ido ke gani ya isa, har da wani ɓangare na infared da ke ƙasa da ja. Nan ne babban bambanci da kwano: dokar foton ɗaya ga elektiron ɗaya tana nan, amma abin da ake nema ya sauko inda ranar da muke da ita za ta iya biya.

Kwance elektiron kaɗai bai isa ba, don zai koma gurbinsa. Dabarar masu ƙera fanel ita ce su gauraya wani ɓangaren silikon da ɗan fosfaras, wanda ke kawo rarar elektiron, ɗaya ɓangaren kuma da ɗan boron, wanda ke barin gurabe. A inda ɓangarorin suka haɗu wani ƙarfin wuta na dindindin yana kafuwa da kansa, shi ke tura elektiron ɗin da aka kwance gefe guda, gurbinsa kuma ɗaya gefen. Siraran layukan azurfa da kake gani a fuskar fanel su ke tattara su zuwa waya. Kowane ɗan gida, wato ƙananan murabba'an da kake gani jere a fuskar fanel, yana ba da wajen rabin bolt ko fiye da haka kaɗan, ana jera su ne a haɗa boltijin. Edmond Becquerel ya fara ganin haske na haifar da wuta a cikin abu tun 1839 a Faransa, amma sai a 1954 aka ƙera na silikon mai amfani a ɗakunan binciken kamfanin Bell a Amurka, yana mayar da kusan kashi 6 cikin ɗari na hasken zuwa wuta. Na kasuwa yanzu suna wajen kashi 20 zuwa 22.

Daga nan amsar tambayarka ta biyu ta fito. Elektiron ba sa ƙarewa, don zagaye kawai suke yi. Suna fita ta wayar nagatib, su bi ta kwan fitila ko batir su sauke kuzarin da suka ɗauko, su dawo ta ɗaya wayar su cike guraben da aka bari. Amfiya ɗaya na nufin elektiron biliyan sau biliyan shida da 'yan kai suna wucewa a kowace daƙiƙa, kuma yadda suka fita haka suke dawowa, ba ragi. Abin da rana ke bayarwa kuzari ne, ba elektiron ba. Fanel yana tsufa, gaskiya ne, mai kyau yakan rasa wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, amma dalilin shi ne danshi da ke shiga, da ƙananan tsagewa, da robar ciki da ke komawa rawaya, da mahaɗan dalma da ke saki. Ko a fitilar fulorasan da ke fitar da elektiron da gaske, idan ka ga bakinta ya yi baƙi ta mutu, sinadarin da aka shafa wa zaren ne ya ƙare.

Maganar Afrilu

Lambar da ke bayan fanel an auna ta ne da haske mai wat 1,000 a kowace murabba'in mita, silikon ɗin kuma yana digiri 25. A Kano cikin Afrilu iska kanta tana haura digiri 40, fanel ɗin da ke rana kuwa yakan kai 60 ko 65, musamman in an kwantar da shi a kan kwano ba tazara. Zafi yana sa elektiron da gurabe su riƙa haɗuwa tun a ciki kafin su kai waya, boltiji ya sauka. Yawancin fanel na silikon suna rasa kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari a kowane digiri da ya haura 25, kuma ana rubuta adadin a takardar da ke zuwa da su. A digiri 65, wato ƙarin 40, asarar na kai wajen kashi 14. Mai wat 400 ya koma 345 ko kusa da haka, ba tare da wani abu ya lalace ba.

Wani ɓangare na zafin ma daga dokar foton yake. Shuɗin foton yana zuwa da kusan eV 2.7, silikon ya amfana da 1.1, ragowar ya zama zafi. Infared mai dogon zango kuwa bai kai 1.1 ba, ba ya kwance kowa. Saboda irin wannan asara William Shockley da Hans Queisser suka lissafa a 1961 cewa fanel mai mahaɗa ɗaya, wato wuri ɗaya da ɓangarorin nan biyu suka haɗu, ba zai wuce wajen kashi ɗaya bisa uku ba, ko da an ƙera shi ba aibu.

Abin da zai fi yi maka amfani a wurin aiki shi ne ka bambance abu biyu da mitarka ta awon wuta. Yawan haske amfiya yake sarrafawa, zafi kuma boltiji. Fanel ɗin da ƙurar hunturu ta lulluɓe zai nuna maka boltiji kusan cikakke idan ka auna shi ba a jona masa komai ba, ka ce lafiyarsa ƙalau, alhali amfiyarsa ta faɗi. Don haka awon boltiji kaɗai ba ya tabbatar da komai, sai ka haɗa da amfiya da tsakar rana. Da sanyin safiyar hunturu kuma boltiji yana hawa sama da abin da ka saba gani, wanda ya jera fanel da yawa a layi ɗaya ya kai bakin iyakar kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, yana iya ƙona ta a watan Janairu. Ka bar tazarar da iska za ta ratsa ƙarƙashi, ka fuskantar da su kudu da ɗan karkata wajen digiri 12 gwargwadon matsayin Kano, wanki kuma da sassafe, ba lokacin da gilashi ya ɗau zafi ba.

Ni aikina aji ne da ɗakin gwaji, hawa rufi da jan waya kai ka fi ni. Daga nan inda nake ba zan yanke hukunci a kan wani fanel naka ba sai an auna. Amma in asarar ta wuce abin da zafi da ƙura za su iya jawowa, ka duba siririyar waya, da inuwar tankin ruwa ko eriya, da irin kwantirolar. Ka kuma duba lambar kanta, don akwai na jabu a kasuwa. Awon mai sauƙi ne: murabba'in mita ɗaya yana karɓar wat 1,000, kashi 20 na wannan 200 ne. Wanda bai wuce mita ɗaya a faɗi da tsawo ba aka rubuta masa 400, takardar ce ke ƙarya.   

Idan kana son gani da idonka

Gwajin Hallwachs ba ya buƙatar kaya masu tsada, ina yin sa da ɗalibai. Ana buƙatar ilektiroskof, na'urar nan mai siririn ganyen ƙarfe da ke buɗewa idan an ba ta caji, da farantin tutiya. In babu faranti, gwangwanin tsohon batirin tocila irin na da tutiya ne, a yanke shi a wanke a miƙar. A goge shi da sanfefa har ya yi ƙyalli, a kuma yi gwajin nan take, don cikin ɗan lokaci fatar ke dawowa. A goga bututun roba na ruwa da ulu a ba farantin cajin nagatib, ganye ya buɗe. Lokacin hunturu ya fi dacewa. Da damina danshi na zubar da cajin kafin ka kunna komai, ɗalibai su yi ta dariya.

Haska masa tocila mafi ƙarfi da kake da ita, ganye ba zai motsa ba. Kawo fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita, ita ma UV ce, amma zangonta tsakanin 365 da 395 yake, wato eV 3.1 zuwa 3.4, yawanci ba ta yin komai. Sai ka kawo fitilar kashe ƙwayoyin cuta irin ta na'urar tace ruwa, mai zangon 254, wato eV 4.9. Ko 'yar ƙarama ce, ganyen zai fara rufewa kana kallo. Sa gilashin taga tsakanin fitilar da farantin, rufewar ta tsaya, don gilashi ba ya barin wannan zango ya wuce. Sake gwajin da cajin fozitib, ganye ba zai sauka ba, don duk elektiron da ya fita ana jawo shi baya. Sai dai a kula, wannan fitila tana ƙona ido da fata kamar hasken walda. Kada a kalle ta, a sa tabarau na kariya, a kange ta da kwali ta fuskar ɗalibai, a kashe da zarar ganye ya rufe.